Tambaya da Amsa: Sun ce "tallafi" ne, to haƙƙinmu fa?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun bayan sallah saƙonnin da ke shigo min kusan duk a kan abu ɗaya suke, kamfanoni da rabon kayan da suka yi da azumi da irin kalaman da suka biyo baya a rediyo da Facebook. Na ɗauki guda huɗu, na farkon shi ya fi tsaya min a rai shi ya sa zan daɗe a kansa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a jihar Kano, akwai kamfanin fasa dutse a bayan garinmu shekara wajen tara kenan. In suka tada nakiya har kwanukan ɗaki sai sun amsa, bangon ajinmu ya tsage, ƙura kuwa ba a magana mata ko shanya ba sa iya yi da rana, ga tifofi sun gama da hanya. Watan jiya suka haƙa mana rijiyar burtsatse guda ɗaya, aka kafa rumfa aka kira 'yan jarida, manajansu ya ce wannan tallafi ne ga al'umma saboda kamfanin yana ƙaunar maƙwabtansa. Mai gari ya tashi ya yi ta godiya da sa albarka. Mu matasa muka ce ai wannan haƙƙinmu ne, yanzu dattawa suna cewa ba mu da godiyar Allah. Dan Allah wa ke da gaskiya?

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri kan yaran da kake koyarwa a ajin da bangonsa ya tsage. Bari in fara da wani abu da ya faru da ni. Shekarun baya ina aikin fassara sanarwa a wani gidan rediyo, aka kawo min takarda daga wani kamfani da zai raba buhunan shinkafa, a samanta an rubuta haruffan nan uku da suke yawan faɗa, CSR. Na zauna na duba ma'anar kalmomin ɗaya bayan ɗaya na rubuta "alhakin da ke kan kamfani game da al'umma", domin kalmar ƙarshen nan a Turanci nauyi take nufi, abin da ya rataya a wuyanka. Ko awa ɗaya ba a yi ba jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin ya kira waya, cikin ladabi ya ce Malam a cire "alhaki" ɗin nan a sa "tallafi", wai ya fi daɗin ji. Na canja, aka karanta a labaran ƙarfe bakwai, kuma har yau abin yana damuna, saboda a ranar na gane cewa kalma ɗaya ta mayar da mai bin bashi mai roƙo. Wanda aka sauke wa alhakinsa yana iya tambayar ina saura. Wanda aka ba tallafi kuwa in ya buɗe baki sai a ce masa butulu, kuma abin da ake ce muku kenan yanzu.

To a naku lamarin doka ma ta yi magana. Dokar ma'adanai ta Najeriya ta 2007, sashe na 116, ta ce duk wanda aka ba lasisin haƙar ma'adini ko na fasa dutse dole ne kafin ya fara aiki ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen garin da zai yi aikin, a rubuce, kuma a sake duba ta duk shekara 5. Abubuwan da ake sakawa a ciki su ne irin su ruwa, hanya, makaranta, asibiti, kuɗin karatun yara, ɗaukar 'yan gari aiki da koya musu sana'a, da yadda za a kula da muhalli. Ka ga kenan akwai yiwuwar rijiyar nan da aka kafa wa rumfa tana cikin abin da tun shekara tara ya kamata a ce an yi. Mutum ya biya bashi a makare sannan ya tara jama'a a tafa masa.

Ba ku kaɗai ba ne. A yankin mai, dokar man fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanoni su zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin da suka kashe wajen gudanar da aiki a shekarar da ta gabata a asusun garuruwan da suke haƙar mai. Gine-ginen da kake gani a jami'o'i da kwalejoji an rubuta TETFund, da harajin ilimi da aka cira daga ribar kamfanoni aka yi su, tilas ne ba kyauta ba. Akwai kuma tsarin da gwamnatin Buhari ta fito da shi a Janairun 2019, kamfani ya gina hanya a cire kuɗin daga harajin da zai biya, da shi MTN ya ɗauki hanyar Enugu zuwa Onitsha, NNPC ma ya ɗauki hanyoyi da dama. Tsarin ba laifi ba ne, hanya dai ta samu, amma in ka ji an ce "kamfani kaza ya gina wa al'umma hanya" ka sani a irin wannan tsarin kuɗin jama'a ne aka kashe, harajin da da baitulmali zai shiga. A Indiya ma tun 2014 doka ta ɗora wa manyan kamfanoni su kashe kashi 2 cikin ɗari na ribarsu kan al'umma, don haka a can ba wanda zai yi maka gori da shi.

Amma Malam ina roƙonka kada ku mayar da abin faɗa da dattawa. Mai gari bai yi laifi ba da ya gode, tarbiyyarmu ce wanda ya kawo ruwa a sa masa albarka, kuma shi ya san wahalar da mata ke sha wajen ɗibar ruwa tun kafin a haife ku. Godiya ba ta soke haƙƙi. Ku same shi a gida ba a bainar jama'a ba, ku tafi da liman da wani dattijo da yake jin maganarsa, ku ce ranka ya daɗe mun gode da rijiya, muna so ne a nemi kwafin yarjejeniyar da kamfanin ya yi da gari. In akwai a karanta ta a fassara wa kowa da Hausa, a ga me aka yi alkawari me aka cika. In babu, to nan ne maganar take, sai a rubuta takarda zuwa ofishin ma'aikatar ma'adanai ta tarayya da ke jiha, da sa hannun mai gari. Ka ɗauki hoton tsagar bangon ajin da kwanan wata. Kuma tun yanzu a tambaya waye zai gyara rijiyar in injin ya lalace, domin na ga irinta da yawa, allon da ke ɗauke da sunan kamfani yana nan tsaye fes fenti bai ko koɗe ba, tankin kuwa ya bushe har tsuntsaye sun yi sheƙa a ƙarƙashinsa.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce ina karanta aikin jarida, an ba mu aikin nazarin rahoton shekara na kamfanoni ɓangaren da suke bayanin abin da suka yi wa jama'a. Na karanta guda uku duk daɗin baki ne kamar mutum ɗaya ya rubuta su, na rasa ta ina zan kama. Me zan duba?

AMSA: 'Yar'uwa daɗin bakin nan shi ne abin nazarin naki. Fara da duba waye mai aikin a cikin jimla. In abin alheri ne za ki ga "mun gina", "mun raba", "mun ɗauki nauyi", kamfani ya fito da ƙirjinsa. In ɓarna ce sai mai aikin ya ɓace, "an samu malalar mai", "wani al'amari ya auku", "an yi asarar rayuka", kamar daga sama abin ya faɗo. Mu ma a Hausa muna da "an" ɗin nan, yaro in ya fasa kofi ai cewa yake an fasa. Ki ɗauki biro ja ki zagaye duk "mun", ki ɗauki baƙi ki zagaye duk "an", ki ga a gefen wane irin labari kowanne ya taru.

Sai kuma sunan da ake ba abu, wannan kuɗi ne tsagwaronsu. A Neja Delta in mai ya malala, kalmar da aka rubuta a takardar bincike ita ke yanke hukunci, in an rubuta lalacewar bututu ce kamfani zai biya diyya, in an rubuta ɓarayi ne suka fasa babu diyya. Shi ya sa ake rigima a kan kalmar kamar a kan gona. A garin Bodo na ƙasar Ogoni mai ya malala sau biyu daga bututun Shell a 2008 zuwa 2009 ya kashe kifi ya lalata sana'ar masunta, lauyoyin mutanen garin sun ce tayin farko da aka yi wa garin gaba ɗaya fam 4,000 ne, sai da aka kai ƙara kotu a Landan sannan a Janairun 2015 aka daidaita kan fam miliyan 55. A tsakanin nan, 2011, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa gyaran ƙasar Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, kuma a wani gari an samu sinadarin benzin mai jawo cutar kansa a ruwan sha ya ninka ƙa'idar hukumar lafiya ta duniya sau 900. Ki ajiye wannan rahoton a gefe ɗaya, ki ajiye rahotannin kamfanonin mai masu hoton yara da kayan makaranta a ɗaya gefen.

Na kusa da mu kuwa ba sai na tuna wa mutanen Kano ba. 1996 lokacin annobar sanƙarau, Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, yara wajen 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya kan cewa cutar ce ta kashe su kuma an nemi yardar iyaye da baki, iyayen suka ce su ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, sun ɗauka taimako aka kawo. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar Kano kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Ki riƙe jimlar nan ta "ba tare da amsa laifi ba", za ki yi ta cin karo da ita. Kuma ki lura da abin da rasa yarda ya jawo, da aka zo rigakafin shan inna a 2003 mutane suka ƙi, labarin 1996 yana cikin abin da suke kafa hujja da shi, yara da yawa suka shanye a dalilin haka.

Ƙananan kalmomi ma ki sa musu ido. "Har zuwa" ba daidai yake da adadin ba, misali gidauniyar MTN ana cewa tana samun har zuwa kashi 1 cikin ɗari na ribar kamfanin bayan haraji, kuma gaskiya sun biya wa ɗalibai da yawa kuɗin karatu, amma aikin ɗan jarida ne ya tambaya a bana nawa aka bayar takamaimai. "Mutane sama da dubu kaza sun amfana", ki tambaya yaya aka ƙirga, wanda ya wuce ta gaban famfo ma an sa shi? "Za mu" da "muna da ƙudurin" alkawari ne ba aiki ba, ki nemo rahoton shekara uku baya ki ga wanda aka cika. Launi da tambari ma magana suke yi. Kamfanin mai na BP a shekarar 2000 ya sauya tambarinsa zuwa wata fure mai kama da rana kore da rawaya yana tallan cewa ya wuce zancen fetur, shekara goma bayan nan rijiyarsa ta fashe a tekun Meziko mutum 11 suka mutu. Volkswagen ya yi ta tallan dizal mai tsafta har 2015 da aka gano ya sa wa motoci wajen miliyan 11 manhajar da ke yaudarar na'urar gwajin hayaƙi.

Abu ɗaya nake so ki kiyaye, kada ki shiga aikin da niyyar duk ƙarya suke. In kin samu rahoton da ya faɗi adadi, ya faɗi wuri, ya faɗi inda suka gaza da bakinsu, ki rubuta hakan ki yaba, irinsu ne muke so su yawaita.

TAMBAYA: Malam gaisuwa daga Nijar. Ni ɗan Arlit ne ina zaune a Yamai. Mun taso muna jin kamfanin iraniyom shi ne uwa da uba, asibiti nasa, ruwa nasa, wuta tasa. Da aka rufe ma'aikatar haƙar iraniyom ta COMINAK sai muka ga kamar an yaye mu da ƙarfi. Mu ne muka yi kuskuren fahimta ko su ne suka sa mu fahimci haka?

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya ba ku mafita. Ba ku yi kuskure ba, garin ne aka gina shi a kan haka. Arlit da Akokan saboda ma'adinin aka kafa su, ma'aikatar SOMAIR ta fara fitar da iraniyom a 1971, COMINAK ta biyo baya har aka rufe ta ƙarshen Maris 2021, uwar kamfanin kuma ta sauya suna daga Areva zuwa Orano a 2018. In kamfani ɗaya ne ke ba ka albashi, shi ke ba ka ruwa, kuma likitan da zai gaya maka abin da ke damun ƙirjinka shi ke biyansa, to da wane baki za ka tuhume shi? Kalaman "iyali ɗaya muke" da "abokan tafiya" suna da daɗi amma iyali ba ya ƙarewa ranar da ma'adini ya ƙare, kwangila ce ke ƙarewa. Ƙungiyar Aghir In'man ta nan Arlit ta shafe shekaru tana magana kan ruwa da ƙura da ƙarafan da aka fito da su daga ma'aikata suka shiga kasuwa, kuma cibiyar bincike ta CRIIRAD ta Faransa ta ce sharar da COMINAK ta bari mai fitar da tururin guba ta kai tan miliyan 20. Kamfanin ya ce yana aikin rufe ta da gyara wurin. To kalmar "gyara" ɗin ce ya kamata ku bi, wa zai auna, sau nawa a shekara, a ina za a liƙa sakamakon, da wane harshe, domin tsohuwar da ke Akokan ba ta jin Faransanci, Hausa ko Tamashek take ji. Kuma wannan tambayar ba ta canjawa ko ma'adinin yana hannun Faransawa ko yana hannun gwamnati.

TAMBAYA: Malam ni ina da ƙaramin kamfanin yaji da garin kunu, ma'aikatana mata 14. Duk azumi ina raba kayan abinci a unguwa ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yanzu 'yata da ke kula min da Instagram ta dame ni wai mu riƙa ɗora hoton rabon, haka manyan kamfanoni suke yi kuma yana jawo ciniki. Zuciyata ba ta kwanta ba, ina tsoron riya.

AMSA: Hajiya Allah ya ƙara buɗi ya karɓa. Rashin kwanciyar zuciyar nan taki abu ne mai kyau kada ki yi saurin kore shi. Alƙur'ani a Suratul Baƙara aya ta 271 ya ce in kun bayyana sadaka to madalla da ita, in kuma kun ɓoye kun ba matalauta shi ya fi muku alheri, aya ta 264 kuma ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Bayyanawa kenan ba haramun ba ce, wani lokacin ma tana zaburar da wasu su yi, sauran bayani kan niyya ki zauna da malaminki. Ni abin da zan ce ta fuskar aikina shi ne cutarwar nan da aka ambata kyamara tana iya yin ta. Na taɓa tsayawa a wajen wani rabo, wata baiwar Allah ta karɓi ledar shinkafa ta ja mayafi ta rufe fuska, mai hoto yana ce mata Mama ɗago kai, ɗaga ledar sama tambarin ya fito, ta ɗago idonta cike da hawaye, na tabbata maƙwabtanta da surukanta duk sun ga hoton nan. Ranar ta biya shinkafar da abin da ya fi kuɗinta tsada.

Saboda haka in za ki ji tawa Hajiya, zakka da sadakarki ki bar su tsakaninki da Ubangijinki, ba su da haɗi da ciniki. 'Yarki kuma tana da gaskiya cewa mutane suna son sayen kayan wanda suka yarda da shi, sai dai abin da za ta nuna yana nan cikin kamfanin tun tuni ba ta lura ba. Mata 14 suna cin abinci ta dalilinki. In kina biyansu a kan lokaci, hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, in mai jego tana samun hutu ba a yanke mata albashi, in masu niƙa barkono suna da abin rufe hanci, in awonki cikakke ne ba a haɗa yajin da garin da ba a rubuta a leda ba, wannan shi ne alhakin kamfani na asali kuma ba wanda za a tozarta in an faɗe shi. Ta ɗauki hoton wurin aikin da tsaftarsa, da yardar matan, wadda ba ta so a bar ta. In kuma kun ga dole a ambaci rabon azumin don wasu 'yan kasuwa su yi koyi, a ɗauki buhunan kafin jama'a su zo, ba fuskar kowa, a rubuta gida nawa aka ba da unguwar kawai, kada a ce "mun share hawayen talakawa" ko "mun ceto marasa galihu", maƙwabtanki ne, wasunsu ma tare kuka yi Islamiyya.